Ta Riƙe Wutar

Tun da aka kafa dokar rokokin wasa, na'urar auna tsayi da ke cikin roka ba ta sakar wa makunnin buɗe laimar sauka wuta sai mai hatimin hukuma.

Gwadabe makaniki ya shiga shagon Alhaji Barau, ya dire rokarsa a kan tebur, hancinta a lotse.

"Alhaji, laimarta ba ta buɗe ba. Ta fasa rufin Inna Tabawa, taku biyu daga inda take salla. Yanzu za a ƙwace mini lasisi. Batirin ne?"

Alhaji Barau ya gwada. "Batiri lafiya lau. Makunnin nan fa?"

"Ni na naɗa shi. Mai hatimin ya ƙare a kasuwa. Nawa ma wuta kaɗan yake ci."

"To shi ne. Na'urar ba ta san shi ba."

"Ba ta san shi ba!" Gwadabe ya daki tebur. "Ta san tsayin, ta san faɗowa take, ta san da mutane a ƙasa, ga wuta a cikinta, ta riƙe? Da tsohuwar ta mutu, wa ya kashe ta?"

Alhaji ya dubi koren fitilar da ke ƙiftawa a jikin na'urar.

"Rage murya, Gwadabe. Ba ka kashe ta ba, tana jin mu."