Babban Yatsan Muntari

Barmo ya sake tare Ezekiyel, ma'aikacin jinya, a bakin ɗakin fiɗa.

"Ɗana, yau ma ba a kira mu ba."

"Haba Baba! Dubi baranda. Yunwa ta cika mana asibiti, kai kana zancen yatsa?"

Yatsan na Muntari ne, ɗan Barmo na fari, magidanci da iyalinsa. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya karkace ya hau na kusa da shi, ƙashin gindinsa ya turo waje kamar goro. Tun yarinta haka yake, bai taɓa hana shi noma ba. Shi ya sa lokotoro, wato likita, ya ƙi yi masa aiki. Sai mai jin ciwo ake wa wannan aiki, in ji shi, don sai an yanke ƙashin, a miƙe shi, a soke shi da ƙarfe, a ɗaure makonni.

Barmo ya ce yana ciwo. Ya harari Muntari. Muntari ma ya ce yana ciwo.

Tun daga garinsu Garhanga a kan jaki Barmo ya kawo shi, bai bari ya taka ƙasa ba. A asibitin ma, in Muntari ya nufi makewayi, tsohon na biye da shi yana jan takalmi cikin rairayi. Masu jinya suka ce ba su taɓa ganin uba mai tausayi irinsa ba.

Guzuri ya ƙare. Jakin ya tafi kasuwa. Mai gari ya aiko, ya sake aikowa: ana jiranka. Barmo ya ce wa ɗan aike ai yaro ba lafiya, ya koma ya zauna a ƙofar lokotoro.

Ganinsa kullum ne ya ishi lokotoro. Aka yi aikin.

Ranar da aka kwance ɗauri, yatsa ya fito a miƙe. Barmo bai tsaya godiya ba. Ya ja ɗansa waje, ya yayyafa ruwa a ƙasa.

"Taka."

Muntari ya taka. Tsohon ya tsuguna, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke numfashi.

"To. Mu tahi gida."

A Garhanga kuwa, a bayan wani rumbun gero da ɓarawo ya fasa, ƙwarya na nan kife kan wani sawu mai karkataccen yatsa, kuma mai gari ya rantse kowane namiji sai ya taka kusa da shi da zarar Barmo, mai bin sawun garin, ya dawo.