Kwalbar da Ta Fi Haske

A shekarar da aka soma gwajin allurar warkar da daɗaɗɗen ciwon hanta, na'ura ce ke rabon kwalabe, rabi magani, rabi ruwan gishiri, babu wanda ya san rabonsa.

Sarkin Aska Mamuda da ƙaninsa Tanimu, waɗanda aska guda ta sa wa cutar tun ƙuruciya, suna zaune a asibiti. Mamuda ya ga kamar kwalbarsa na walƙiya. A gidansu kuwa, tun kakanni, babba ke bar wa ƙarami mai kyau. Da likita ta juya baya, sai ya musanya.

A hanyar gida Tanimu ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Da ka fita alwala na musanya mana. Tawa ce ta fi haske."