Abin da ke Ƙarƙashin Kujerar Darakta

Yatsunta suka taɓa wani ƙulli a ƙarƙashin kujerar, ta fizge hannu kamar ta dafa garwashi.

Tun da aka naɗa ta darakta, mace ta farko a wannan ofis na Jimeta, a tsaye take aiki. Addarta, wato yayarta, ita ce ta ja mata kunne: "Kada ki zauna sai kin duba. Mazan nan ba za su bar miki ita haka kawai ba."

Yau ta duba. Laya ce.

Ƙofa ta buɗe. Mataimakinta ne, dattijon da kowa ya zaci shi za a ba muƙamin.

"Madam, lafiya? Ga fanka, amma gumi kike."

"Bappa, wa ya shigo ofishin nan?" ta tambaye shi.

Ya rufe ƙofa, ya nufo ta, ta ja da baya har ta manne da bango. Sai ya kama kujerar ya kifar.

Ba ɗaya ba ce. Layu ne birjik, wasu fatarsu har ta tsattsage, a tsakiyarsu ga wani ɗan gicciye ɗaure da zare.

"Ba don ke aka sa ba," ya ce a hankali. "Kowane darakta da kariyarsa ya zo."

Ashe mazan da aka ce ba ta kai su zuciya ba, kowannensu a kan tsoronsa ya zauna.

Ta ɗaga kujerar, ta zauna.