Tumbin Direba Da Kwalaben Lemo

Wata shida kamfani ya ba direban motar ma'aikata: ko ya rage tumbi kafin gwajin lafiya na gaba, ko ya ajiye makulli. Nas ɗin kamfanin ta ba shi takardar ganin likita. Gogan naku ya cusa ta a aljihun ƙofar mota, ya nufi gareji wajen abokinsa makanike.

"Kitse ai daga maiƙo yake zuwa," in ji makanike. "Ka bar nama da mai, shi ke nan."

Ya kuwa bari. In yunwa ta taso a hanya, sai ya kora lemon kwalba da burodi, ko shayi mai sukari cokali huɗu. A ganinsa ruwa ne kawai.

Tumbi kuma sai gaba yake yi, har ya fara gogar sitiyari.

"Baban yara, ni fa na kasa ganewa," in ji matarsa. "Ko ɗigon mai babu a tukunyarka, amma jiya na sake matsar da maɓallin wandonka."

"Anya ba a ɓoye kike zuba min ba?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Ya zargi matar, ya zargi sikeli. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga allunan hanya sun fara yi masa dishi-dishi. Abin duniya ya ishe shi, ya rasa ta ina zai kama.

Ranar gwaji likita ta duba sakamakonsa, ta tambayi abin da yake ci. Ya lissafa mata da alfahari.

"Malam, ƙwayoyin kitse da umarni suke aiki," ta ce. "Duk sanda ka sha zaƙi, jiki na sakin wani sinadari, insulin. Shi ke ce musu su tara, ya kuma dakatar da sinadaran da ke narkar da kitsen. Kai kuwa wuni kake kana sha."

"To, man da na bari fa?"

"Jiki na iya mayar da sukari kitse. Yanzu ciwon sukari ya taɓa idonka. Ba zan sa hannu ka ɗauki mutane ba."

Da ya je kwashe kayansa daga motar, ya tarar da takardar nas a inda ya cusa ta, ƙarƙashin marafan kwalabe.

Jama'a, jiki ba injin mota ba ne. In an tura ku wajen likita ku je tun da wuri, kada ku ɗauki shawarar lafiya a bakin wanda bai san aikin ba.