Sawun Yaya a Tsakar Gida

Ranar da mota ta zo Malumfashi ɗaukar su Yaya zuwa babban taron 'yan sikawut, ana ta kiɗa a filin makaranta, amma Inna ta ƙi fita. An ce mata har yaran ƙasashen waje za su hallara.

"Cikin wannan jama'a, wa zai san nawa ne?" in ji ta.

Ta kife ƙwarya kan sawun takalminsa a tsakar gida.

"Auta, kar tsintsiyarki ta taɓa nan. Sawun ne zai jawo shi gida."

Na wuni ina korar kaji daga wurin.

Yau in ɗana zai yi tafiya, sai in dubi ƙasa. Siminti ne, ba ya riƙe sawu.