Awa Guda Ba Waya

Maigidan yana da haƙuri daidai gwargwado, in dai ba a raba shi da wayarsa ba. To ga shi an kulle shi da iyalinsa a ɗakin wasan nan da ba a fita sai an bi alamu an gano makulli. Wayar tana waje, shugabansa na wurin aiki yana jiran kiransa.

Ya kifar da akwati, ya zazzage littattafai, ya daka wa babban ɗansa tsawa: "Kai da ake cewa kana ja a lissafi, fitar da mu mana!"

"Baban yara, wasa ne fa," in ji matarsa.

"Wasa? Aikin nawa ne wasa?"

Ya dinga dukan ƙofa har ma'aikaciyar wurin ta buɗe.

"Kun cusa makulli inda ba mahaluƙin da zai gani!"

"Ranka ya daɗe, ai tun shigarku ƙaramar 'yarka ta ɗauke shi."

Auta ta zaro makullin daga safarta, idonta ya ciko. "Baba, in mun fita, wayarka za ka koma."

Rabonsa da zama da su awa guda tun bara. Wannan ma a faɗa ya ƙarar da ita.