Alhaji Abdulmutallib Ya Rufe Ƙofa

Hoton ya yi kyau, ba a musu. Alhaji Abdulmutallib, shugaban Ƙungiyar Manoman Zamani ta Malumfashi, yana tsaye cikin farar shadda da ba ta taɓa ganin laka ba, riƙe da goyon masara kamar damtsen ɗan dambe. An ɗora shi a shafin ƙungiyar na intanet ƙarƙashin taken "Sirrin Nasarata".

Kafin la'asar wani Labo daga Gozaki ya rubuta a ƙasa: "Ranka ya daɗe, sirrin nan Marka mai hatsi ce ta sayar maka da shi ranar kasuwar Bakori. Ni na riƙe mata buhun."

Mutum ɗari biyu suka yi dariya. A tarihin shafin ba a taɓa samun masu karatu haka ba.

Shekara goma sha ɗaya Alhaji na kan kujera, ga zaɓe na tafe bayan girbi. Shi ya kafa ƙungiyar. Ranar da aka buɗe ta, jama'a na layi gaban teburin rajista, shi yana kan mumbari yana jawabin da ya cinye azahar. Tun da ya bar aikin gwamnati ya saki biro saki uku. Shi dai ya faɗa, sakatariya Hajiya Ummukulsum ta rubuta.

Washegari ya kira ta.

"Hajiya, a rufe shafin nan. Mambobi kaɗai. Ba kowane mai fartanya da waya zai riƙa leƙo mana ɗaki ba."

"To, Alhaji. Wa za mu kira mamba?"

"Wannan ma tambaya ce? Wanda ya rubuta sunansa da hannunsa a rajista. Ban da ɗan'uwan wane, ban da surukin wane."

"Ko waye?"

"Ko uban waye."

Ta rubuta, ta karanta masa, ya gyaɗa kai. Mace ce da ba ta ƙara wa magana gishiri, ba ta kuma rage mata. A makon nan ta bi rajista layi-layi, ta aika wa kowane suna lambar shiga.

Daga nan Alhaji ya samu sabuwar sana'a. Kowace safiya, bayan koko da ƙosai, sai ya buɗe waya ya ga rubutun da ya tare ƙofa: "Wannan shafi na mambobi ne kaɗai." Sai ya yi murmushi ya mayar da ita aljihu. Me zai shiga ya nema? Duk abin da ya cancanci karantawa a ciki daga bakinsa ya fito. A majalisa yakan miƙa wa abokai wayar. "Ku duba. Abin da Labo ke gani ke nan. Sai ya je ya yi sharhi a kan katanga."

Ya lura mambobi sun ƙara ladabi. In ya doso, sai su kife wayoyinsu su gaishe shi har ƙasa. Ya ce a ransa, ashe tsari ne kawai mutanen nan suka rasa.

Aka karya masara, aka yanke dawa. Alhaji ya ɗinka sabuwar shadda, ya shirya jawabin amincewa da wa'adi na huɗu, ya nufi zauren taro don ya sanar da ranar zaɓe.

Ya tarar da zauren cike. A kan kujerarsa Malam Murtala ne, mataimakinsa, ana ta miƙa masa hannu.

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Zaɓe muka yi, Alhaji," in ji Hajiya Ummukulsum. "Mako uku sanarwar na kan shafi. Kowane mamba ya gani."

"Ni ban gani ba!"

"Haka ne, Alhaji."

Ta buɗe tsohuwar rajistar, ta juya masa ita, ta ja baya cikin ladabi. Ya sa tabarau ya bi da yatsa, daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ya sake dawowa sama.

Sunaye sittin da biyu, kowanne da hannun mai shi, ba Abdulmutallib ko ɗaya.